Sani Daban, Sabo Daban: Abin da Na Gani a Tsoffin Labaran Italiya

Wani saurayi dillalin dawaki mai suna Andreyucco ya taso daga garin Peruja ya nufi Napoli da tsabar zinariya 500 a jaka, don ya ji an ce dawaki suna araha a can. Bai taɓa barin gida ba sai wannan karon. Ya shiga kasuwa ya yi ta taya dawaki ciniki bai faɗa ba, kuma don kada a ɗauka ɗan kallo ne, sai ya riƙa zaro jakar yana nunawa a gaban mai zuwa da mai tafiya. Wata budurwa 'yar tsibirin Sisili ta ƙyalla ido ta gani. Tare da ita akwai wata tsohuwa da ta daɗe a gidan mahaifin saurayin, wadda ta ruga ta rungume shi suka gaisa. Budurwar ba ta ce uffan ba. Sai da suka koma gida ta zaunar da tsohuwar tana bugun cikinta: wancan ɗan wane ne, su wa da wa ne danginsa, me ya kawo shi, ina ya sauka. Da ta gama haddace sunaye sai ta ɗora wa tsohuwar aikace-aikacen da za su cinye mata yini, don kada ta sami zarafin komawa wajensa, sannan ta aika yarinyarta ta kira shi.

Yana hawa bene ta tare shi da hawaye. Ta ce ita 'yar'uwarsa ce uba ɗaya, mahaifinsu ya haife ta lokacin da yake zaune a Palermo, ya tafi ya bar su. Ta shiga tambayar lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Aka kawo abinci, hira ta yi daɗi, dare ya yi, aka ce Napoli ba garin da baƙo zai yi yawon dare ba ne. Ya tuɓe tufafi ya ajiye a kan gado, kuɗin suna ciki, ya nemi bayan gida. Katakon da ya taka ya zame da shi, ya faɗa cikin ƙazanta a lungu. Ko da ya zagayo ya buga ƙofa, gidan da aka kira shi ɗan'uwa ɗazu ba wanda ya san shi.

Wannan labari yana cikin Dekameron, littafin da Giovanni Boccaccio, ko Bokaciyo yadda harshenmu zai fi sake wa, ya rubuta a tsakanin 1349 da wajen 1353. Na fara da shi ne don shi ya fi kusa da abin da ke damuna. Mun shiga wani zamani da muke auna kusanci da yawan abin da mutum ya sani game da mu. Wanda ya kira wayarka ya ambaci sunan mahaifinka, da unguwarku, da makarantar da ka yi, nan take jikinka ya saki. 'Yan damfara sun gane haka sarai, kuma ba sa bukatar tsohuwar da za su bugi cikinta, tunda mu da hannunmu muke baza sunayen dangi da hotunan biki a Facebook da WhatsApp. Ra'ayina shi ne sanin labarin mutum ba shi ne sabawa da shi ba, kuma al'ummar da ta kasa bambance waɗannan biyun za ta yi ta faɗawa lungun Andreyucco. Sabo yana cin lokaci, yana cin dukiya, yana da matakala, kuma na gaske ba ya rage girman kowa. Ban ga inda aka baje wannan magana filla-filla kamar a labaran waɗannan Italiyawa na shekara ɗari bakwai da suka wuce ba.

Akwai dalilin da ya sa suka ƙware a kai. Fulorens, garin Bokaciyo, garin fatauci ne da bashi. Tun 1252 suke buga kuɗinsu na zinariya, fulorin, wanda ake karɓa daga Ingila har Masar. Mahaifinsa wakili ne na gidan kuɗin Bardi, shi ya sa ma ya yi samartakarsa a Napoli yana koyon ciniki kafin ya karkata ga rubutu. Mutumin da zai aika ulu zuwa wata ƙasa a hannun wanda ba zai gani ba sai bayan shekara, ba shi da jarin da ya wuce sanin wa zai amince wa. Wani attajirin garin Prato, Francesco Datini, ya mutu a 1410 ya bar wasiƙu kusan dubu 150 a gidansa. Da tawada da takarda ake kiwon amana, shekara da shekaru. Kuma sun ga yadda take rushewa: gidajen kuɗin Peruzzi da Bardi sun karye a shekarun 1340, bayan manyan masu cin bashi irin su Sarkin Ingila Edward na Uku sun kasa biya.

Sai kuma annobar 1348 ta zo ta ƙarasa. A farkon littafin Bokaciyo ya ba da labarin abin da ya faru a Fulorens, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai ba yawan gawa ba ne. Ya ce ɗan'uwa ya guji ɗan'uwa, kawu ya guji ɗan ɗan'uwansa, mata ta guji miji, har iyaye suka ƙi jinyar 'ya'yan cikinsu kamar ba nasu ba. Ya ce sama da mutum dubu 100 suka mutu tsakanin Maris da Yuli. Masana tarihi suna ganin ya ƙara gishiri a lissafin, amma sun yarda rabin garin ko fiye ya tafi. Marubucin da ya ga zumuntar jini ta tsinke a gabansa, ba abin mamaki ba ne ya zauna yana tambayar yadda baƙo yake zama na gida. Kalmar da yake yawan amfani da ita, dimestichezza, tushenta daga kalmar gida ne. Bahaushe zai ce wane ya zama ɗan gida, kuma ma'anar ɗaya ce.

Dubi labarin Cisti mai gasa burodi. Fafaroma Boniface na Takwas ya turo jakadu Fulorens, suka sauka a gidan wani babban mutum, Jeri Spina. Kowace safiya suna wucewa a ƙasa ta ƙofar gidan burodin, ga zafi. Cisti yana da wadata, yana da ruwan inabi mai kyau da ya fi na kowa a garin, kuma yana so ya shayar da su. Abin shan nasu ne da al'adarsu, ba shi nake yabo ba, ladabin mutumin nake kallo. Ya auna matsayinsa da na Jeri ya ga bai dace ya tare shi da gayyata ba. Sai ya riƙa zama a bakin ƙofa da farar riga tsaf, da bokitin ruwa mai sanyi, da 'yar buta, da kofuna biyu masu walƙiya, yana kurɓa a daidai lokacin wucewarsu. Rana ta farko suka wuce, ta biyu suka wuce. A ta uku Jeri ya tsaya ya tambaya ko da daɗi. Cisti ya sa aka fito da benci, ya wanke kofuna da hannunsa, ya zuba musu. Daga nan kusan kullum sai sun tsaya.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne bayan haka. Jeri ya shirya liyafar sallamar jakadu, ya aiki baransa ya karɓo kaɗan don kowane baƙo ya ɗanɗana. Baran ya ɗauki ƙaton tulu. Cisti ya dube shi ya ce ba wajena aka aiko ka ba. Aka sake turo shi, ya sake faɗin haka, ya ce kogin Arno, babban kogin garin, aka aike ka. Da Jeri ya ga girman tulun ya gane, ya tsawata wa baran, ya aika da ƙarami. A ranar Cisti ya cika 'yar ganga ya kai masa har gida kyauta, ya bayyana masa cewa ba rowa ba ce, ya so ne ya tuna masa abin ba na wasa ba ne. Jeri ya riƙe shi aboki har abada. Talaka ya kusanci babba ba tare da ya zubar da kansa ba, kuma da aka nemi a mayar da alherinsa abin banza ya ja layi. Da ya yi shiru ya cika tulun don tsoron ɓata wa mai girma rai, da ya zama bara, ba aboki ba. Da yawa daga cikinmu a nan muke faɗuwa: muna ɗauka sabo da babba shi ne ka daina cewa a'a.

Amma labarin da na fi komawa gare shi shi ne na Salahuddin da Torello, a rana ta goma, ta ƙarshe cikin kwanaki goma da aka kasa labaran littafin. Salahuddin Ayyubi sananne ne gare mu: shi ya karɓo Birnin Ƙudus a 1187, ya rasu a Dimashƙa a 1193, kuma Turawan da ya yaƙa sun daɗe suna ba da labarin karamcinsa. Abin da Bokaciyo ya faɗa ƙirƙira ce, tarihi bai nuna Salahuddin ya taka Italiya ba. A labarin, ya ji Kiristoci suna shirin yaƙi, sai ya ɓad da kama kamar falke, shi da manyansa biyu da barori uku, ya shiga ƙasarsu don ya ga shirin da idonsa. Tsakanin Milan da Pavia, da almuru, suka gamu da wani mai martaba, Torello, yana tafiya gidan gonarsa a bakin kogin Ticino da karnuka da shahunan farauta. Suka tambaya ko za su isa gari kafin a rufe ƙofa. Ya ce ba za su isa ba, amma ga yarona zai kai ku masauki. Ya raɗa wa yaron ya zaga da su ta doguwar hanya, shi kuwa ya yanke ya riga su isa gidansa, ya sa aka shirya abinci. Ya san in ya gayyace su kai tsaye za su yi kawaici su ƙi.

Washegari ya ce zai raka su masauki mai kyau a cikin gari, sai ga su a ƙofar gidansa na Pavia, mutum hamsin daga manyan gari suna jiran tarbarsu, don tun da dare ya aika wa matarsa Adaliyeta. Ta fito da 'ya'yanta biyu ta gaishe su, ta ba kowannensu riguna irin waɗanda mijinta yake sawa, ta ce kun yi nisa da matanku, ga hanya a gaba. Da za su tafi suka tarar an canja musu dawakinsu da suka gaji da sababbi. Sun ce su fatake ne daga Kubrus za su Paris. Torello bai yarda ba, ya ga alamar sarauta a jikinsu, ya ma faɗa musu a wajen sallama cewa ba za su sa shi ya gaskata fatake ne ba, amma ba zai tambayi ko su wane ne ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Budurwar Napoli ta san sunan kowa a gidan Andreyucco, ba ta ba shi komai ba sai hawaye da abincin dare ɗaya da ta yi tarko da shi. Torello bai san ko sunan baƙinsa ba, ya ba su gidansa da tufafinsa da dawakinsa, ya kuma bar musu sirrinsu. Wanne ne kusanci? Mu da muka tashi muna jin baƙonka annabinka bai kamata tambayar ta yi mana wuya ba, amma a aikace mun fi sakin jiki da mai jero sunaye.

Yaƙi ya tashi, Torello ya tafi. Ya ce wa matarsa in ba ta ji labarinsa ba ta jira shekara ɗaya da wata ɗaya da kwana ɗaya kafin ta yi aure, ta ba shi zobenta. Cuta ta faɗa wa rundunar a Akka, aka kama waɗanda suka rage, aka kai shi Iskandariyya. Don ya iya horar da shaho sai labarinsa ya kai fada, Salahuddin ya sa shi kula da tsuntsayensa, yana kiransa Kirista kawai, ba wanda ya gane wani. Wata rana suna maganar tsuntsaye Torello ya yi murmushi, bakinsa ya yi wani motsi da Sarkin ya lura da shi tun a Pavia. Ba takarda ba, ba suna ba, motsin leɓe. Irin wannan ba a samunsa sai an zauna da mutum a kan abinci an dube shi da zuciya ɗaya. Sarki ya sa aka baje tufafinsa a ɗaki ya ce duba ko akwai wadda ka sani. Torello ya ce a'a, sai dai waɗancan biyun sun yi kama da wasu da aka taɓa ba fatake uku a gidana. Sarki ya rungume shi.

Akwai wani ɗan abu a harshen asali da fassara kan haɗiye. Italiyanci na da hanya biyu ta kiran wanda kake magana da shi: tu ga na ƙasa ko tsara, voi ga wanda ake girmamawa, kamar yadda a wurare da yawa a ƙasar Hausa ake ce wa babba ko suruki kun kwana lafiya maimakon ka kwana lafiya. Lokacin da Salahuddin yake tambayar fursunansa daga wace ƙasa yake, da tu ya yi masa magana. Da ya gane shi, da voi ya kira sunansa. Wato kusancin bai sauke Torello ba, ɗaga shi ya yi. Muna da karin magana, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum, kuma mun riƙe ta kamar doka ce da ba ta da makawa. Ni ban yarda ba. Rainin da ke biyo bayan sabo alama ce tun farko ba mutumin aka so ba, abin hannunsa aka so, ko kuwa an yi sakaci da ladabin da ya haɗa zumuncin. Ƙarshen labarin almara ce tsagwaronta: boka ya ɗauke Torello a kan gado cikin dare ɗaya ya dire shi a wata majami'a ta Pavia a ranar da wa'adin ya cika, ya shiga wajen bikin matarsa da kayan Larabawa, ya jefa zoben a kofi ta gane shi. Wannan ɓangaren bai dame ni ba, murmushin ne ya riƙe ni.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan kauce masa ba. Littafin nan cike yake da labaran batsa da cin amanar aure, har cocin Katolika ya sa shi cikin jerin littattafan da aka haramta a 1559, aka fito da wanda aka tace a 1573. Gaskiya ne, kuma ba zan miƙa wa ƙaramin yaro shi gaba ɗaya ba. Akwai wanda ya nemi zama uban baftisma na jaririn maƙwabcinsa don kawai ya sami ƙofar shiga wajen matar. Akwai malaman coci da suka mayar da amanar da aka ba su tsani. Sai dai ko waɗannan, in ka duba, magana ɗaya suke yi: ƙofar da aminci ke shiga ita ce ɓarawo ke nema. Wanda ya karanta ya ce maganin shi ne a toshe ƙofa, kowa ya zauna nesa da kowa, ya koma Fulorens ta lokacin annoba ke nan da ƙafarsa. Abin da ya kamata a koya shi ne gane mai gaggawa. A labaran da na kawo, mai cuta sauri yake yi, yana so a zama 'yan'uwa kafin gari ya waye. Cisti kuwa ya jira kwana uku a bakin ƙofarsa kafin a ce masa ko sannu.

Akwai kuma laifin da littafin ya ɗora wa manya, wanda nake ganin ya fi na matasa nauyi. Jirolamo ɗan wani attajiri ne, ya tashi yana wasa da yaran unguwa, ya fi shaƙuwa da Salvestra 'yar wani tela. Ba wanda ya ce komai suna ƙanana. Da ya kai shekara 14 shaƙuwar ta zama so, sai uwarsa ta farga cewa 'yar tela ce, ta haɗa baki da masu riƙon dukiyarsa aka tura shi Paris da sunan koyon ciniki, ana ta ɗaga masa ranar dawowa har shekara biyu. Ya dawo ya tarar an aurar da ita ga wani mai ɗinkin tanti. Ya mutu da baƙin ciki a ɗakinta, ita kuma ta je majami'a ganin gawarsa ta faɗi a kanta ba ta tashi ba. Haka 'yan'uwan Lisabetta uku a Messina: su suka kawo Lorenzo cikin harkarsu, suka damƙa masa kasuwancinsu, yana shiga yana fita, da suka gane ƙanwarsu da suka ƙi aurarwa tana sonsa sai suka ja shi bayan gari suka kashe shi. Sun saba da shi iya saninsa, amma irin sabo da kaza, wanda ba ya hana a yanka ta. Ba ina cewa iyaye ba su da ta cewa a auren 'ya'yansu ba. Ina cewa wanda ya bar shaƙuwa ta yi jijiya shekara goma a gaban idonsa, ba shi da ikon tumɓuke ta rana ɗaya don lissafin asali da dukiya, ya kuma yi tsammanin ba za a yi jini ba. Wannan kuwa ba sai na je Italiya neman misalinsa ba.

Su kansu mutum goman da Bokaciyo ya sa suke ba da labaran a cikin littafin misali ne. Mata bakwai da maza uku suka haɗu a majami'ar Santa Maria Novella gari na ta mutuwa, suka yanke shawarar fita ƙauye. Ɗaya daga cikin matan ta ji tsoron tsegumi, tunda wasu daga mazan suna son wasu daga cikinsu. Ba su fasa tafiya ba, amma sun kafa tsari. Kowace rana ana naɗa sarki ko sarauniya da kambin ganye, mulki yana zagayawa kowa ya ɗanɗana umarni da biyayya. Akwai lokacin ci, na barci, na waƙa. Juma'a da Asabar ba labari, na ibada ne da wanka da hutu. Pampineya, babbarsu, ta ce kada a ɓata rana da dara ko caca, domin a wasa dole ran ɗaya ya ɓaci, amma a labari ɗaya ke magana kowa na jin daɗi. Kowa ya ba da nasa a kan layi, labari goma a rana, kwana goma, ɗari cif. A hankali ka ga sun fara tsokanar juna, suna gardama a kan wanda ya fi karamci cikin mutanen labaran, suna gane mai fama da so daga waƙar da ya rera.

A daren ƙarshe Panfilo, ɗaya daga cikin mazan, wanda ke riƙe da kambin, ya ce gobe kwana 15 ke nan da fitowarsu. Ya ce duk da labaran da aka ba da waɗanda ba duka ne masu tsabta ba, da ci da sha da kiɗa, bai ga wani abin zargi a tsakaninsu ba, sai jituwa da shaƙuwa irin ta 'yan'uwa. Don haka, in ji shi, gara su koma yanzu, kada tsawon zama ya juye ya zama gundura, kada kuma labarinsu ya bazu wasu su kwararo su ɓata musu abin. Aka tattauna, aka yarda. Da safe suka kama hanyar Fulorens. Mazan suka raka matan har majami'ar da suka ɗauko su, suka yi musu sallama a nan, matan kuma da lokaci ya yi kowace ta nufi gidansu.